Biyu Cikin Goma

"Ki yi min rai, Telata. Ki ɗinka mata kayan nan, idan ta zo karɓa ki durƙusa ki gaishe ta. Iyakar abin da ta nema ke nan fa."

Mai Ɗinki ba ta ɗago ba. Ƙafarta na kan keke, hannunta na tura bakin zane ƙarƙashin allura, kamar ba da ita ake ba. Auta na tsaye a ƙofar shagon rungume da ledar yadin yayarsa, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Shekara huɗu ke nan yana sintiri a shagon nan. Shi ne autan gidansu, ma'aikaci a ofishin ruwa, mai sanyin murya da sanyin hali, kuma sanyin halin nan ne ya cuce su su biyun. Tun rasuwar mahaifinsu babbar yayarsu ce ta riƙe gidan. Ita ta kai shi makaranta, ita ta nema masa aiki, in ta ce a tashi a tashi, in ta ce a zauna a zauna. Turanci take koyarwa a sakandaren 'yan mata, shi ya sa kowa, har mahaifiyarsu, Yaya Malama yake ce mata.

"Ta ce idan kika yi haka za ta janye," ya ci gaba. "Ran Litinin za a naɗa ta mataimakiyar shugabar makaranta, ranta fari tas. Idan muka bari damar nan ta wuce, wallahi ƙarshen wata za ta tura manya gidan su ƙaramar malamar nan da take min tallanta kullum."

Sai a lokacin ta tsayar da keken.

"Janye me?"

"Haba Telata..."

"A'a, faɗa min. Me za ta janye? Maganar da ta yaɓa min, ko makin da ta ba ni?"

Ya sunkuyar da kai. Ya san makin da take nufi, duk dangi sun san shi.

Shekara ɗaya da wata bakwai da suka wuce aka yi wa Auta ƙarin girma a ofis, dangi suka taru a falonsu ana taya shi murna. Mai Ɗinki ta kwana uku tana ɗinka masa riga, ta zuba duk gwanintar da Allah ya ba ta. Da ta tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma so bai bar ta ba. Ita da ta bar makaranta a aji biyar na firamare, lokacin da ciwo ya kwantar da babanta ta hau keke don a ci abinci a gida, sai ta ga ya kamata ta nuna wa gidan 'yan boko ita ma ba a bar ta a baya ba. Ta sayi kati, ta rubuta layi biyar da Turanci. Sau tara tana sakewa kafin ta zura shi a aljihun rigar.

Yaya Malama ce ta zaro shi.

Ta gyara tabarau, ta tsaya a tsakiyar falo, ta shiga karantawa da ƙarfi, tana maƙale murya, tana tsayawa a kan kowace kalma don 'yan dariya su samu sarari. Sannan ta buɗe jaka ta ɗauko jan biro. Ta zagaye nan, ta zagaye can, ta ja layi a ƙasa, ta rubuta biyu cikin goma.

"Biyun ma na tsabtar rubutu ne," ta ce, ta miƙa mata katin da yatsa biyu. "Auta, wannan ce za ta duba wa 'ya'yanka aikin gida? Wannan za ka shiga da ita cikin abokan aikinka? Muddin ina numfashi, wadda ba ta iya haɗa jimla ɗaya ba ba za ta shigo mana zuri'a ba."

Falo ya ɗauki dariya. Gwaggonni, ƙanne, har ƙaramar malamar da aka gayyato don a nuna ta. Mai Ɗinki ba ta kalli kowa ba sai fuska ɗaya. Shi ma ya yi dariyar. 'Yar ƙarama ce, ya kare ta da tafin hannu, amma ta gani.

Ba ta yi kuka ba sai da ta isa gida ta faɗa jikin Umma. Umma ta ce ta bar wa Allah. Ta bar wa Allah ɗin, amma ta ajiye katin. Ta soke shi da allura a cikin durowar keke, inda duk sanda ta buɗe neman zare sai sun haɗa ido.

Yanzu ga Auta a gabanta yana share ƙwalla.

"Na san an cuce ki. Wallahi kullum da abin nake kwana. Amma Yaya ce, Telata, ya zan yi da ita? Ki daure mini sau ɗaya tak."

Ta daɗe tana kallonsa. Har yanzu in ya yi wannan muryar zuciyarta narkewa take yi, kuma ta tsani kanta saboda hakan.

"Ajiye yadin," ta ce. "Ta zo ran Alhamis idan an tashi daga makaranta."

Saura kaɗan ya yi tsalle. Ya fita yana sa mata albarka kamar wani dattijo. Da ya waiwayo ya ga irin kallon da take yi wa ledar, da murnarsa ta ragu.

*

Abin da Auta bai sani ba shi ne abin da ke jibge a ƙarƙashin teburin yanka.

Kowace tela tana bukatar takarda. Da ita ake fitar da fasalin wuya da hannu kafin a sa wa yadin mutane almakashi, da ita ake naɗe kaya in an gama. Mai Ɗinki tana sayen tata a wurin Baba Mai Takarda, wani dattijo da ke zaga ofisoshi da makarantu da baro, yana kwashe tsofaffin takardu a kan sikeli. Sati biyu bayan cin mutuncin ya sauke mata ɗauri guda. Ta zaro littafin wata ɗaliba za ta yaga, sai idonta ya faɗa a kan jan biro. Da'ira mai doguwar wutsiya, sak irin wadda aka zagaye kalmominta da ita.

Ta nemi ashana. Kafin ta ƙyasta sai ta lura da wani abu: a gefen kowace da'ira an rubuta yadda ya kamata a ce.

"Ashe haka ne," ta faɗa a fili, ita kaɗai a shago. "In ɗaliba ce ta yi kuskure gyara mata ake yi. Ni ce kawai aka zagaye aka bari."

Washegari ta tare Baba Mai Takarda.

"Baba, duk abin da ka kwaso daga sakandaren 'yan mata ni za ka kawo wa."

"'Yar nan, takarda ai takarda ce."

"Ta can ta fi kauri, Baba."

Daga ranar ta koma buɗe shago awa guda kafin maƙwabta. Ta sayi littafin rubutu ta raba kowane shafi gida uku: kuskure, gyara, dalili. Gida biyun farko suka yi ta cika, na ukun ya zauna fayau wata da watanni, don jan biro na faɗin abin da ke daidai amma ba ya faɗin me ya sa. Sai da Baba ya tsinto mata wani littafin nahawu marar bango, wanda shafi ashirin na farko suka ɓace, da wani ƙamus da ɓera ya cinye wa haruffa ukun ƙarshe. Ta rungume su kamar an ba ta gida.

Ta sha wuya, ba kaɗan ba. Aikatau ya fi komai ba ta ciwon kai, yadda yake sauya kama in abu ya wuce, wasu su bi doka, wasu su yi taurin kai sai dai a haddace su ɗaya bayan ɗaya. Ta riƙa jera su da bugun ƙafarta a kan keke, uku-uku, har wata rana ta ɗinka hannun riga a baibai sau biyu a jere. Tana rubuta jimla da allin tela a kan teburin yanka, in ta ji sallama ta goge da gefen mayafi. Rediyonta ta mayar tashar da ake labarai da Turanci, duk da a watannin farko in ta tsinci kalma biyar ta yi ƙoƙari.

Mai kitso da ke shagon kusa ta leƙo wata rana.

"Ke Mai Ɗinki, ko wani Bature ne ya yi sallama ba mu da labari?"

"Yana hanya," ta ce, suka yi dariya.

Akwai ranakun da take wurgi da littafin ta kifa kai a kan keke ta yi kuka. Mace mai shekara ashirin da takwas tana fama da abin da 'yan aji ɗaya suka wuce! Sai ta ja durowa ta kalli katin, ta share fuska, ta je ta tsinto littafin. Kada wani ya yi mata ƙarya ya ce son ilimi ne ya zaunar da ita. Haushi ne. Son ilimin daga baya ya shigo, ya tarar haushi ya riga ya share masa wuri.

Wata biyu da suka wuce Baba ya kawo wani ɗauri da aka ɗaure da igiya. Takardun jarrabawar ƙarshen shekara ne na 'yan aji uku, guda arba'in da biyu. A fuskar kowace akwai maki da jan biron da ta sani, da sa hannu a ƙasa. Ta buɗe ta farko tana zumuɗin sabon darasi.

Babu ko ɗigon ja a ciki.

Ta buɗe ta biyu, ta uku, ta goma. Fes suke kamar yadda yaran suka miƙa su. Wata ta rubuta rabin shafi ta tsaya, an ba ta sittin da takwas. Wata ta cika shafi huɗu da Turanci mai tsabta, an ba ta talatin da ɗaya. Ta duba sunan mai talatin da ɗayan. 'Yar mai kitso ce. Yarinyar da aka ce ta faɗi sai ta maimaita aji, ubanta ya ce ba zai ƙara asara ba, ya zaunar da ita a gida.

Lissafin bai yi wa Mai Ɗinki wuya ba. A zangon nan Yaya Malama tana ta zirga-zirgar neman kujera, ba ta da lokacin karanta shirmen yara, sai ta raba maki da fuska. Da ta tashi share kabad ɗinta don komawa sabon ofis, ta haɗa da tsofaffin littattafai ta tura wa mai sikeli. Wa zai karanta? Masu naɗe kaya?

Ranar Mai Ɗinki ta je ta sayi jan biro nata na kanta. Sati uku ta yi tana bin takardun nan layi-layi, da ƙamus a dama da nahawu a hagu, tana rubuta gyara da maki a littafinta ba a jikin takardun ba, har ta duba duka arba'in da biyun. 'Yar mai kitso ta tashi da tamanin da huɗu. Da ta gama ta zauna ta rubuta wasiƙa zuwa ga shugabar makaranta. Wannan karon ba sau tara ta sake ba, sau talatin ne.

*

Da yamma Umma ta same ta a tsakar gida tana yanka yadin Yaya Malama.

"Yanzu ke abin da kika ƙudurta sai kin yi shi?"

"Umma, ɗinki nake yi."

"Kar ki mayar da ni yarinya. Ni na haife ki." Ta zauna a bakin tabarma. "Shekarunki ashirin da tara. Ƙannenki biyu suna ɗakunansu. Mai Yadi sau uku yana turo ƙaninsa neman aurenki, na rasa me zan ƙara ce masa. Ga shi yanzu ƙofar da kika shekara huɗu kina jira ta buɗe. Ki shiga ki yi shiru mana! Ko ki bi yaron nan, ko ki amsa wa Mai Yadi. Amma ki tona wa yayarsa asiri sannan ki ce zai aure ki?"

"'Yar mai kitso fa, Umma?"

"Ki dubi idona ki ce don ita kike yi."

Almakashin ya tsaya. Hawaye suka gangaro mata har kan yadin.

"Ba don ita kaɗai ba ne. Umma, mutum ashirin suka yi min dariya. Har yau in na ji ana dariya a bayana sai na waiwaya."

"Kina son sa?"

"Ina son sa. Wallahi ina son sa, Umma."

"To ki zaɓa. Ba za ki samu duka biyun ba."

Ta goge hawayen da ya ɗiga a yadin da bayan hannu, ta ci gaba da yanka.

*

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Alhamis ƙamshin turare ya riga Yaya Malama shigowa. Ta tsaya tana ƙare wa shagon kallo ta saman tabarau, Auta na bayanta riƙe da jakarta.

Mai Ɗinki ta sauko daga kan keke ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Yaya Malama. An tashi lafiya?"

"Ashe dai kin yi hankali." Ta zauna a kujerar masu jira ta harɗe ƙafa. "To ki buɗe kunne. Na ji tausayin yaron nan ne, ya ƙi ci ya ƙi sha. Zan bari a yi, amma da sharaɗi. Shagon nan za a rufe shi. Kuma kullum da yamma za ki zo gidana ki zauna cikin yaran da nake wa darasi, mu faro daga harafin farko. Ba zan ji kunya a gaban mutane ba."

"To, Yaya Malama."

Auta ya saki ajiyar zuciya, ya bi ta da kallon godiya.

"Ina kayan?"

Ta miƙa mata ƙunshin da hannu biyu. Yaya Malama ta warware zaren, ta ɗaga rigar. Ko ita ba ta iya ɓoye cewa ɗinkin ya burge ta ba. Ta kai hannu za ta ture takardar naɗin ƙasa, sai hannun ya tsaya. Sittin da takwas, da jan biro, da sa hannunta. Ta juya takardar. Rabin shafi, babu ɗigon ja.

"Ina kika samu wannan?"

"Wurin mai sikeli. Takardar makarantarku ta fi kauri."

Nan take ta yayyaga ta gutsi-gutsi.

"Yaga, Yaya Malama. Saura arba'in da ɗaya, kuma ba sa cikin shagon nan."

Auta ya shiga raba ido. "Wai me ke faruwa ne? Telata, mene ne wannan?"

Ba ta kula shi ba. Ta ja durowa ta ɗauko wasiƙar da jan bironta, ta ajiye a cinyar Yaya Malama, ta koma ta durƙusa.

"Ki taimaka ki duba min wannan. Kin san ni da kuskure."

Yaya Malama ta fara karantawa. Shekara ashirin da biyu tana koyarwa, hannunta ya cire murfin biron ba tare da ta sani ba. Bakin biron ya riƙa bin layi yana neman wurin sauka. Wasiƙar ta faɗi ajin, ta faɗi zangon, ta faɗi yadda takardun suka iso shagon tela, ta jera makin da aka bayar da makin da ya kamata, ta roƙi a sa wasu malamai su sake dubawa. Biron ya kai ƙarshen shafi bai sauka ba. Ta koma farko. Ta sake komawa.

"Wa ya rubuta miki?" Muryarta ta dishe.

"Ni."

"Ƙarya kike!"

"Ke kika koya min. Shekara ɗaya da wata bakwai ina ajinki, Yaya Malama, ban taɓa fashi ba. Duk gyaran da kika yi wa yaran mutane a gefen littafi, ni na kwashe. Ga su can ƙarƙashin tebur, littafi goma sha ɗaya na cika. Wallahi kin iya koyarwa, in kin ga dama."

Yaya Malama ta tashi da kanta ta tura ƙofar shagon. Da ta juyo tabarau ya zame mata zuwa ƙarshen hanci, ba ta ma gyara ba.

"Ƙanwata, mu yi magana ta hankali. Kin san abin da wannan zai jawo? Ba kujerar kaɗai ba, aikin ma gaba ɗaya. Ni ke riƙe da gidanmu. Zango ɗaya ne tak, wallahi ban taɓa yi ba sai shi." Hawaye suka zubo mata. "Ki ɗauke shi. Na ba ki shi. Gobe ma in kina so a tura manya. Ki riƙe shagonki, babu darasi, babu komai. Ki kawo min takardun kawai."

"Kin ji ko, Telata!" Auta ya matso, fuskarsa ta washe. "Ta yarda! Ba ta takardun, shi ke nan an wuce wurin!"

Mai Ɗinki ta dube shi. A gabansa aka miƙa shi kamar canjin yadi, shi kuma murna yake yi. Bai tambayi takardun waye ba, bai tambayi yaran da aka kayar ba.

"Sai an ba ni makina tukuna," ta ce a hankali. "Wancan karon a gaban mutum ashirin aka ba ni. Yau mutum ɗaya ya ishe ni."

"Maki? Shi ke nan abin da kike so?"

"Ki rubuta abin da na ci. Kar ki ƙara min, kar ki rage."

Yaya Malama ta ɗora wasiƙar a kan teburin yanka. Ta ja layi a ƙasa, ta rubuta goma cikin goma, ta zagaye da da'irarta mai doguwar wutsiya. Sannan hannun ya yi abin da ya saba yi sau dubbai: ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata.

Mai Ɗinki ta zare takardar, ta ninke ta huɗu, ta tura cikin rigarta. Ta miƙe tsaye, ta yafa mayafi.

"Na gode. Dama abin da ke damuna kada ki ce wa shugabar makaranta ba rubutunki ba ne a kan takardun. Yanzu sai ta haɗa ta gani."

Ihun da Yaya Malama ta yi har titi. Ta zube a kujera ta dafe ƙirji.

Mai Ɗinki ta buɗe ƙofa. Mai kitso na tsaye a bakin titi rungume da jakar takardun, idanunta jajir, tun jiya da aka nuna mata takardar 'yarta ba ta daina kuka ba. Shugabar makaranta ba ta barin ofis sai ƙarfe huɗu, kuma yanzu uku saura.

Auta ya sha gabanta, ya ware hannuwa a bakin ƙofar.

"Don girman Allah, Telata! Shekara huɗu! In kika tsallaka titin nan kin kashe aurenmu da hannunki. Me na yi miki ni?"

"Ka yi dariya."

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Ka zata ban gani ba? Duk na yafe wa mutum goma sha taran nan, ba su san ni ba. Kai ka san dare nawa... ka san kwana nawa na yi a kan rigar nan." Muryarta ta karye, hawaye suka ɓalle mata. "Kuma har yanzu ina son ka, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. To ga hanya ɗaya. Zo ka raka ni. Ka taka da ƙafarka mu je tare, ka tsaya a gefena a ofishin. In ka yi haka, wallahi ni taka ce, ko duk danginku sun juya mana baya."

Mai Ɗinki ta tsaya tana jira, zuciyarta na roƙonsa abin da bakinta ba zai ƙara faɗa ba.

Auta ya juya ya kalli yayarsa.

Iyakar amsar ke nan. Hannuwansa suka sauka da kansu.

Ta koma wurin keke, ta zare allurar, ta ciro tsohon katin da ya fara dafewa. Ta zo ta zura masa shi a aljihun gaba, ta daddanna aljihun ya kwanta, yadda take yi in ta gama wa mutum gwaji.

"Naka ne dama. Ba a taɓa bari ya iso hannunka ba."

Ta raɓa ta gefensa ta fita. Mai kitso ta miƙo mata jakar, ta karɓa ta rungume. Hawaye sun hana ta ganin titin sosai, sai da mai kitso ta riƙo hannunta suka jira mota biyu suka wuce. Yana kiranta, Telata, Telata, da muryar nan tasa.

Ba ta waiwaya ba. Ta dai ɗaga murya yadda za su ji.

"In za ku fita ku ja min ƙofar shagon. Gobe da sassafe ina da karatu."